Yadda ake kwance shok ɗin baya na keken tsauni a gida, a wanke shi, a sauya masa robobi

Yawancin kekunan tsauni masu shok gaba da baya da ake hawa a Kumasi na gwanjo ne, sun shigo ta tashar jiragen ruwa ta Tema, kuma ba wanda ya san rabon da a buɗe shok ɗinsu. Mai keke yakan gyara birki, ya sauya sarƙa, ya sa sabuwar taya, amma shok sai ya fara sace iska ake tunawa da shi. Kafin nan ƙura ta riga ta shige ciki ta yi ɓarna. Aikin da zai hana haka bai fi na awa ɗaya ba, kuma ana iya yin sa a tsakar gida.

Bayanin nan na shok mai iska ne, irin su Fox Float da RockShox Monarch ko Deluxe. Idan naka mai sifirin ne na ƙananan kekuna, wanda aka like shi tun daga masana'anta, ba a buɗe shi. Idan ya mutu sai dai a sauya.

Shok mai iska sashe biyu ne. Na waje shi ne gwangwanin iska, wanda ke ɗauke da nauyinka. A cikinsa akwai fistin da ya raba shi ɗaki biyu: babban ɗaki da kake hura wa iska, da ƙaramin ɗaki a bayan fistin wanda iskarsa ke tausasa farkon motsi. A jikin gwangwanin ta ciki akwai wata 'yar loɓawa, ta nan iska ke ratsawa daga ɗaki zuwa ɗaki idan fistin ya zo wucewa. Sashe na biyu shi ne na mai, yana cikin ƙafar nan mai santsi da ke shiga tana fita, shi ke hana keke yin tsalle. An matse man da iskar naitirojin mai ƙarfin psi ɗaruruwa (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iska). Gwangwanin iska shi ne aikin gida. Sashen mai kuwa ba a taɓa shi ba tare da kayan aikinsa ba. Idan ka ga wani ɗan noti ko farin ƙwallon roba a gindin ƙafar, kusa da idon ƙasa, wato ramin da noti ke ratsawa ya ɗaure shok da keke, ka bar shi yadda ka gan shi.

Kayan da za ka tanada

Famfon shok. Wannan ba shi da madadi. Ɗan ƙaramin famfo ne mai agogon awo da ke kai wa psi 300. Injin iskar mai faci ba ya kai ƙarfin da ake so, kuma ba ya barinka ka ƙara iska kaɗan-kaɗan. Idan ba ka da shi, ka aro kafin ka saki iskar shok ɗinka, domin in ka sake ta ba ka da hanyar mayar da ita.

Saitin robobi na ainihin samfurin shok ɗinka. Na Fox ba ya shiga RockShox, kuma ko a gida ɗaya akwai bambanci tsakanin samfura da shekaru. Karanta sunan da ke jikin gwangwani da lambar da ke jikin shok kafin ka yi oda ko ka aika a taho maka da shi.

Giris mai laushi na shok, kamar Slickoleum ko SRAM Butter, da man shafawa. Fox na da nasu, Float Fluid, shuɗi mai kauri. RockShox sun daɗe suna amfani da Maxima 15W-50, wanda asalinsa man injin babur ne, saboda haka idan ka rasa na kamfani, man babur mai kyau mai lamba 15W-50 zai tsaya maka. Baƙin giris na mota kam a'a, ya yi kauri, yana riƙe fistin kuma yana toshe loɓawar da iska ke bi.

Sai alanki masu girman notocin kekenka, bayis da ƙananan katako biyu da za ka kare shok daga haƙoransa, tsohon tub na keke da aka yanka tsawon kamu biyu, sirinji na mil 5 daga kantin magani, tsinken sakace ko ɗan tsinken roba, abin kwance bawul irin na masu faci, ma'aunin milimita, tsummoki masu tsabta da ba sa zubar da gashi, da tabarau na kare ido. Na wanki kuma giyar tsabtace kaya ta isofurofil ce ta fi. In babu, sifirit na kantin magani zai yi, ka dai bari ya bushe sarai. Fetur, kananzir, tina da man birki duk suna kumbura roba ko su cinye ta, kada ɗayansu ya kusanci shok.

Wurin aiki ma kaya ne. A lokacin hunturu kada ka buɗe shok a fili iska na kaɗawa. Shiga ɗaki, ka yayyafa ruwa a ƙasa, ka shimfiɗa tsumma mai tsabta a kan tebur.

1. Rubuta yadda ka same shi

Ɗaura famfo ka rubuta psi ɗin da ya nuna. Murɗa jan makunnin nan, mai saita saurin dawowar shok, zuwa dama har ya tsaya, kana ƙirga ƙas-ƙas ɗinsa, ka rubuta adadin, sannan ka mayar da shi hagu gaba ɗaya. Shuɗin hannun kuma, mai taurara shok ko kulle shi, ka sa shi a buɗe. Ɗauki hoton shok a jikin keke ta ɓangare biyu don ka tuna ina bawul ya fuskanta. Wanke shi da ruwa da sabulu tun yana kan keke, ka tsane shi.

2. Saki iska, a hankali

Nan ne mutane suka fi yin gaggawa, kuma nan ne haɗarin yake. Kada ka danna bawul iska ta fita lokaci guda. Idan babban ɗaki ya zube nan take, iskar ƙaramin ɗaki za ta ingiza fistin ya tsallake loɓawar nan bai tsaya ba, iska ta maƙale a bayansa, shok ya tsuke ya gajarce. Yi amfani da maɓallin sakin iska na famfo: rage kamar psi 30 zuwa 50, ka danna sirdi a hankali sau uku ko huɗu, ka sake ragewa, har agogo ya koma sifili. Daga nan ka kwance ƙwayar bawul ka ajiye ta inda ba za ta ɓata ba.

Yanzu ɗaga sirdi ka duba ko shok ya miƙe cikakken tsawonsa. Auna daga tsakiyar ido zuwa tsakiyar ido. Tsayin da aka saba gani su ne milimita 190, 200, 210 da 230. Idan ya gajarce sosai kuma ya ƙi miƙewa da hannu, mayar da bawul, ka hura shi zuwa psi 250, muddin hakan bai wuce iyakar da aka rubuta a jikinsa ba. In ya miƙe, sake sakin iskar a hankali fiye da na farko. In ya ƙi miƙewa, robar fistin ta lalace, iska mai ƙarfi na tsare a ciki, kuma gwangwanin na iya fizgewa ya ji maka ciwo idan ka kwance shi. Irin wannan sai wanda ya saba.

3. Cire shi daga keke

Tokare tayar baya da wani abu, ko wani ya riƙe maka ita, don kada firam ya faɗo ya bugi kansa. Kwance notin ƙasa, sannan na sama. Jera notoci da wasoshi da ƙananan ƙarafan da ke cikin idanu a kan tsumma, na sama daban, na ƙasa daban, domin faɗinsu ba ɗaya ba ne. Dole ka cire na idon ƙasa gaba ɗaya, tun da ta kan idon nan gwangwani zai zame ya fita. Cire siririn zoben robar da ke kan ƙafa shi ma.

4. Kwance gwangwani

Kama idon sama a bayis tsakanin katako biyu. Tabbatar haƙoran bayis ba su taɓa bawul ko jan makunni ba, kuma ko kusa kada ka matse ƙafar ko gwangwanin kansa. Zura tsumma ta idon ƙasa ka bar shi yana reto ta kowane gefe. Idan akwai sauran iska a ciki, tsumman ne zai tare gwangwanin. Sa tabarau, ka tsaya a gefe, kada fuskarka ta daidaita da bakin shok.

Goge gwangwani da sifirit don hannu ya kama, ka murɗa shi hagu. Sau da yawa hannu kaɗai ya isa. In ya ƙi, naɗa tub a jikinsa sau uku ko huɗu ka murɗa da hannu biyu. Kada ka sa filaya ko sifanar famfo, bangon gwangwanin siriri ne, idan ya lotsa ya tashi aiki.

Wanda ba shi da bayis sai ya yi dabara tun shok na kan keke: bayan iska ta fita duka, a danne sirdi, a sassauta gwangwanin zagaye ɗaya, sannan a cire shok a ƙarasa a kan tebur. Firam ɗin keken ya zama bayis ke nan.

Idan tiredi ya ƙare, ja gwangwani ƙasa da ƙarfi. Za ka ji ɗan fas, ba komai ba ne. Cire tsumman ka zare shi ta kan ido.

5. Duba kafin ka goge

Abin da ka tarar a ciki yana gaya maka lafiyar shok, saboda haka kada ka yi saurin share shi. Ɗan mai kaɗan da ya yi duhu daidai ne. Idan ciki ya bushe ƙayau, robobi sun daɗe suna gogar ƙarfe. Idan ka ga jan laka a ƙarƙashin leɓen robar bakin gwangwani, ka murza ta tsakanin yatsu ka ji tsaki-tsaki, ƙurar hanya ce ta haɗu da mai, kuma tana cin ƙafar shok kamar sanfefa. Duk wanda ke bin hanyoyin jar ƙasa na wajen gari, ko gangaren tafkin Bosomtwe, zai ga wannan. Idan kuwa mai tsinkakke ne ya taru da yawa, ya fito ne daga sashen mai, kuma sababbin robobin iska ba za su magance shi ba.

Gwada sashen mai yanzu da babu iska. Tura ƙafar ciki da hannu. Ya kamata ka ji tana turjewa bai-ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma ta dawo da kanta a hankali. Idan ta fara tafiya fayau babu turjiya, ko kana jin cakal-cakal, ko ta ƙi dawowa, iska ta gauraya da mai.

Sannan ka goge komai da sifirit: cikin gwangwani, tiredi, fistin, ƙafa da siririyar sandar ciki. Haska fitilar waya cikin gwangwani, ka bi ƙafar da farce. Karcen da ido ke gani amma farce bai kama shi ba, ba damuwa. Wanda farce ya maƙale a kansa zai riƙa sace iska kuma zai yanke sabuwar roba. Idan guda ɗaya ne ƙarami a kan ƙafa, ana iya goge tsininsa da jiƙaƙƙiyar sanfefa mai lamba 1000 ko sama, a cike ramin da jan farce, ya bushe, a sake lallashe shi. Wannan na ɗan lokaci ne. Idan launin ƙafar ya goge har farin alminiyam ya fito, sai sabuwa.

6. Sauya robobi, ɗaya bayan ɗaya

Kada ka zazzage tsofaffi duka a lokaci guda. Cire ɗaya, nemo irinta a cikin sababbi, ka gwada su kusa da juna, ka goge ramin, ka shafa wa sabuwar giris, ka sa ta, sannan ka wuce ta gaba. Saitin yakan zo da robobin samfura da yawa, don haka ragowa ba alamar ka manta wani abu ba ne.

Fara da fistin. Matse baƙar robar da yatsu biyu ka tura ta gefe guda har ta yi ɗan tudu, ka zura tsinken sakace ƙarƙashinta ka ɗaga. Allura ko bakin sukuddireba suna karce ramin, kuma karce a nan yoyo ne na har abada. Robar nan ba zagayayya ba ce, kusurwa huɗu gare ta, kuma tana iya murɗewa wajen sawa. Bi ta da yatsa zagaye guda ka tabbatar ta kwanta daidai. A gefenta akwai fararen zobba masu tauri da aka yanka a karkace, bakunansu biyu su haɗu su kwanta lif, kada ɗaya ya hau kan ɗaya.

A bakin gwangwani, daga waje zuwa ciki, yawanci za ka tarar da robar share ƙura, farin zobe, baƙar robar iska, sai wani farin zoben. Wajen mayarwa ka fara da na can ciki, ka ƙare da ta share ƙura, leɓenta na kallon waje. Wurin ƙunci ne, sai ka lanƙwasa zoben kaɗan ka cusa gefe ɗaya cikin rami, ka bi sauran da yatsa. Idan tsarin naka ya bambanta, bi yadda ka tarar.

Saura babban zoben roba da ke can cikin kan shok, inda tiredin gwangwani ke ƙarewa. An fi mantawa da shi, alhali shi ke yawan jawo yoyon da ake kwana ana tashi a ga iska ta ragu. Idan ka ga wata roba mai launi a maƙale a saman sandar ciki, ta rage faɗin ɗakin iska ce, bar ta a wurinta.

In ba ka samu saitin robobi ba, kuma shok ɗin ba ya yoyo, kada ka fasa aikin. Bar robobin a mazauninsu, ka goge su da kyau, ka share ƙarƙashin leɓen ta share ƙura, ka sa sabon giris da mai. Wannan kaɗai yana dawo da laushin shok. Zoben kan shok, da yake zagayayye ne kuma ba ya motsi, ana iya kai tsohon wurin masu sayar da robobin inji a Suame Magazine, unguwar masu gyaran motoci ta Kumasi, a nemo daidai kaurinsa da faɗinsa. Mai kusurwa huɗu da ta share ƙura kam sai na kamfani.

7. Sa mai, ka rufe

Shafa giris siriri a kan robobin fistin, na bakin gwangwani da zoben sama. Ya yi sheƙi kawai, kada ya taru. Shafa ɗan mai a ƙafa, ka zura gwangwani ta kan idon ƙasa a hankali don kada gefen ido ya yanki roba. Kafin ka kai shi tiredi, zuba mai a babban ɗaki da sirinji. A Fox Float mil 2 ne. A Monarch rabin mil ake sawa a kowane ɗaki. Kada ka ce yawan mai ne alheri: cikin gwangwanin ba shi da faɗi, man da ya wuce kima yana cinye wurin iska, shok ya yi tauri a ƙarshen tafiyarsa.

Gwangwani zai riƙa turjewa yana dawowa, domin iska ta matsu a ƙaramin ɗaki. Tura shi da ƙarfi har ya taɓa tiredi, ka ɗan murɗa hagu sai ka ji ya faɗa gurbinsa, sannan ka murɗa dama. Zagayen farko su tafi da sauƙi. Da ka ji ya cije tun farko, koma baya, ya hau a karkace ne, kuma tiredin alminiyam ba ya jure tilas. Idan ƙarfinka bai kai ba, mayar da shok kan keke, wani ya danna sirdi, gwangwanin zai matso da kansa. Ɗaure shi da hannu iyakar ƙarfin hannu, ba a buƙatar tub. Mayar da siririn zoben ƙafa da ƙwayar bawul.

8. Bushin idanu

Bushi su ne ƙananan zobban da ke cikin idanun shok. Tun shok na hannunka, duba su. Alamar sun mutu ita ce ƙwas-ƙwas idan ka ɗaga sirdi kaɗan ka sake. Faɗin ramin yawancinsu milimita 12.7 ne. Na roba mai baki ana fitar da su da hannu ko ɗan tsinke. Na ƙarfe mai rufin ciki sai an tura su da bayis: soket ƙarami a gefe guda yana turawa, babba a ɗaya gefen yana karɓa. Ba a buga su da guduma, kuma ba a sa musu giris. Idan ƙarfen da ke ratsa bushin ne ya cinye, masu injin gyaran ƙarfe a Magazine za su iya fiƙe maka wani in ka kai musu tsohon su auna.

9. Hura iska, ka saita

Mayar da shok kamar yadda hoto ya nuna, ka ɗaure notoci gwargwadon abin da mai firam ya rubuta. Hura zuwa psi 50, ka danna sirdi a hankali kamar kashi ɗaya cikin huɗu na tafiyar shok, sau goma. Za ka ji 'yar iska ta yi fis a ciki, ɗakunan biyu ne ke daidaita. Ƙara psi 50, ka maimaita, har ka kai adadin da ka rubuta. Wanda ya tsallake wannan zai ji shok ya yi tauri, sannan bayan ɗan hawa ya ga iska ta ragu ya zaci yoyo ne.

Idan ba ka da adadin farawa, ninka nauyinka na kilo da 2.2. Mai kilo 70 ya fara da kamar psi 155. Cire famfo, ka tura zoben ƙafa ya manne da bakin gwangwani, ka hau keke a hankali kana dafe da bango, ka sauka ba tare da ka girgiza shi ba. Auna inda zoben ya tsaya. Ana son kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na tafiyar shok: mai tafiyar milimita 51 ya nutse 13 zuwa 15, mai 55 ya nutse 14 zuwa 16. Ya wuce haka, ƙara psi 10. Bai kai ba, rage. Iskar da kake ji tana fita lokacin cire famfo ta cikin tiyo ce, ba ta shok ba, kuma duk sanda ka sake ɗaura famfo agogo zai nuna ƙasa kaɗan domin tiyon ya cika.

Murɗa jan makunni dama har ya tsaya, sannan ka dawo da shi hagu adadin ƙas-ƙas ɗin da ka rubuta. Shafa ruwan sabulu a bawul, a mahaɗar gwangwani da kai, da bakin robar share ƙura, ka duba ko kumfa na tasowa. Kumfa a bawul yawanci ƙwayar ce ba ta ɗauru ba. A mahaɗa kuma zoben sama ne ya cije. Bar keken ya kwana, ka sake auna nutsewarsa da safe. Ɗan zoben mai da za ka riƙa gani a ƙafa a kwanakin farko ragowar giris ne, goge shi kawai.

Sai yaushe kuma

RockShox sun ce a buɗe gwangwani duk bayan awa 50 na hawa, a yi cikakken gyara har da sashen mai bayan awa 100 ga Monarch, awa 200 ga Deluxe. Fox sun ce cikakken gyara duk awa 125 ko sau ɗaya a shekara. A ƙurarmu gara a matso da shi: sau ɗaya idan hunturu ya wuce, wajen watan Maris, sau ɗaya kuma bayan ruwan damina ya ɗauke. Tsakanin haka, goge ƙafar da tsumma mai laushi bayan kowace fita, kuma idan ka kai keke wurin wankin mota ka hana yaran saita ruwan inji a bakin shok, domin yana tura ƙasa ƙarƙashin roba.

Idan gwajin mataki na 5 ya nuna sashen mai ya sha iska, ko jan makunni ya daina canza komai, nemi mai gyaran da ke da kayan cika naitirojin da man da ya dace. Tambaye shi zurfin da zai ajiye fistin na ciki da psi nawa zai cika wa samfurinka, tun kafin ka bar masa shok ɗin.